Filin Tambaya da Amsa: ORM ko SQL da hannu, wanne za a kama?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan wata kusan duk wuri guda suka dosa, wato yadda manhajar intanet za ta riƙa magana da rumbun bayananta, baz de done ɗin nan da ake koya muku a lekol. SQL shi ne yaren da ake ba rumbun umarni da shi, ORM kuma kod ne da ke rubuta SQL ɗin a madadinka. Na tsamo shida daga ciki na ɗan rage masu tsawo. Wanda bai ga tasa ba ya duba ta farko da ta uku, da wuya amsarsa ba ta ciki.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya. Ni ɗalibi ne nan Tawa shekarar ƙarshe, memwar ɗina aplikasiyon ce ta tahiyar da lekol, rijistar yara da not ɗinsu da kuɗin makaranta da bultan. Merise, hanyar tsara rumbun bayanai, mun gama, MCD ɗin da munka yi, wato zanen tsarin bayanan, har malam ya sa hannu. To wajen kod ɗin ne kaina ya ɗaure, abokina ya ce in ɗauki Laravel, firamwok ɗin PHP, in yi aiki da Eloquent, ORM ɗinsa, ba sai na rubuta SQL ba ko layi guda, malamin da ka bin aikina kuma ya ce shi SQL ya ka son gani da hannu da PDO. Wlh sutanans saura wata ukku. Mi za ni yi?
Wani ɗalibi, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Kafin in ce maka bi wane bari mu faro daga tushe. Duk manhajar da ke ajiya a MySQL ko PostgreSQL ko SQLite, ko da me aka rubuta ta, abin da ke isa wurin rumbun a ƙarshe SQL ne, ba ya jin wani yare bayan shi. Kuma yaren ya kwana biyu, Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya kawo tsarin teburori masu alaƙa da juna a 1970, abokan aikinsa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da yaren a 1974, aka yi masa ƙa'ida ta bai ɗaya a 1986, firamwok, wato shiryayyun kayan gina manhaja, nawa suka zo suka wuce shi yana nan daram. To gardamar abokinka da malaminka a kan abu guda ce, wa zai rubuta SQL ɗin, kai da hannunka ko wani kod ya rubuta a madadinka.

In kai za ka rubuta, a PHP PDO ne hanyar, shi ke haɗa kod ɗinka da rumbun, yana nan tun PHP 5.1 a 2005. Daɗinsa ba abin da ke ɓoye maka, reket ɗin da ka rubuta, wato umarnin SQL ɗin, shi ne ya tafi. Wahalarsa kuma maimaici. MCD ɗin lekol teburorinsa da yawa, yara, azuzuwa, malamai, darussa, not, biyan kuɗi, iyaye, kowanne sai ka yi masa na sakawa da na gyarawa da na gogewa da na nema, ranar da direkta ya ce a ƙara wurin lambar wayar uwa sai ka bi fayil fayil kana neman duk inda ka taɓa teburin, wanda ka manta kuwa shi zai tsaya maka gaban juri.

ORM wannan gajiyar ya zo ɗauke wa mutane. Tebur ya zama klas, layi ya zama obje, ka rubuta Eleve::find(12) ya kawo maka yaro mai lamba 12, ka ce $eleve->notes ya kawo not ɗinsa. ORM ba sabon abu ba ne, Hibernate na Java ya fito a 2001, sai firamwok masu nasu ORM, Rails a 2004, Django a 2005, Laravel a 2011, masu Symfony kuma da Doctrine suke aiki. Ka ɗauki ORM kamar tafinta a kasuwar da ba ka jin yarensu, cinikin yau da gobe zai yi maka shi cikin sauri ba tangarɗa, amma ranar da ciniki ya yi tsauri, in ba ka jin ko kaɗan daga yaren ba za ka san me ya faɗa da sunanka ba. Wani babban amfaninsa da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne migirasiyon, duk canjin da ka yi wa tebur yana rubuce a fayil da kwanan wata, abokin aikinka ya buga php artisan migrate rumbunsa ya zama irin naka. Wanda ya taɓa gyara tebur da linzami a phpMyAdmin ya manta bai yi irinsa a sarber ba ya san darajar wannan.

Akwai kuma ta tsakiya da abokinka bai faɗa maka ba, maginin reket, irin DB::table('notes')->where('eleve_id', 12)->avg('note') a Laravel. Kana tunani da SQL amma PHP kake rubutawa, yana da kyau sosai wurin shafin bincike mai tacewa da yawa inda yau a nema da aji gobe da suna jibi da duka biyun.

Ni in aikin kuɗi ne kiliyan ya kawo, gaurayawa nake: fom fom ɗin rijista da gyara duk ORM, rahoto da lissafi mai nauyi SQL da hannu. Bultan ɗinka misali, muwayen da kowefisiyan, reket guda ne:

SELECT n.eleve_id, SUM(n.note * m.coef) / SUM(m.coef) AS moyenne FROM notes n JOIN matieres m ON m.id = n.matiere_id WHERE n.periode = ? GROUP BY n.eleve_id

kuma tun MySQL 8.0 na 2018 akwai RANK() OVER da zai jera maka na ɗaya na biyu na uku ba tare da ka kwaso komai cikin PHP kana juyawa ba.

Amma kai memwar kake yi, wata uku ya rage, mai ba ka maki kuma PDO yake so. Bi malaminka. Ba don tsoron maki kawai ba, wannan ne lokacin da za ka zauna da JOIN da GROUP BY har su zauna maka a kai, in ka fara aiki ba wanda zai ba ka wannan sararin. Sharaɗi ɗaya, kar ka watsa SQL cikin shafukan HTML. Buɗe dosiye guda, kowane tebur da klas ɗinsa, duk reket ɗin yara su zauna a fayil ɗin yara, shafuka su riƙa kiran su da suna. Bayan sutanans ka sake gina aikin da Laravel a hutu, a lokacin za ka ga me Eloquent ke yi maka da idonka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na bi wani bidiyo a YouTube na yi shafin shiga, na rubuta $sql = "SELECT * FROM users WHERE nom='$nom' AND pass='$pass'" na ba mysql_query, amma XAMPP ɗina, mai tafiyar da PHP da MySQL a kwamfutata, sai erer yake ba ni wai bai san wannan fonksiyon ba. Dan Allah wane tsohon XAMPP zan sauke ya yi aiki?
Wani matashi, Bukoki, Yamai

AMSA: Kar ka sauke komai ɗan'uwa, bidiyon ne ya tsufa. An cire mysql_query da danginsa daga PHP tun 7.0 a ƙarshen 2015. Kuma erer ɗin nan alheri ya yi maka, don layin da ka turo ko ya yi aiki ƙofa ce a buɗe.

Duba da kyau. Abin da mutum ya buga a fom kake mannawa kai tsaye cikin reket. In wani ya zo wurin suna ya buga admin' ya bi shi da alamar # to reket ɗin ya zama WHERE nom='admin' sauran duk MySQL ya ɗauke shi sharhi ya tsallake, an shiga a matsayin admin ba a san kalmar sirri ba. Wannan shi ne injeksiyon SQL, kuma da ƴar ƙwarewa kaɗan ta wannan ƙofar za a kwashe teburin gaba ɗaya. Kar ka ce wa zai kula da ɗan shafina, akwai manhajojin da aikinsu kenan dare da rana, bin adireshi suna gwada kowane fom, ba ruwansu da ƙarami ko babba. Manya ma ta ci su, kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila ta nan aka shige shi a 2015 aka taɓa bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000. A jerin haɗurra goma na ƙungiyar OWASP mai aikin tsaron manhajoji injeksiyon ne na ɗaya a 2010 da 2013 da 2017, sai a 2021 ya sauko na uku.

Maganin layi biyu ne:

$st = $pdo->prepare("SELECT * FROM users WHERE nom = ?");
$st->execute([$nom]);

Umarni daban, abin da mutum ya buga daban, alamar tambayar ce ke riƙe masa wuri, ko me ya rubuta za a ɗauke shi suna ne kawai. Ka lura ban sa pass a ciki ba, saboda kalmar sirri ba a ajiye ta tsirara a tebur. Ranar rijista ka wuce da ita ta password_hash, ranar shiga ka gwada da password_verify, duka suna cikin PHP tun 5.5.

Masu ORM ku ma da ku nake, kar ku ce kun tsira. Eloquent da Django suna yi muku wannan rabuwar da kansu, gaskiya ne, kuma yana cikin dalilan da nake tura sababbi wurinsu, amma ranar da ka buɗe whereRaw ko raw() ka manna abin fom a ciki ka dawo gidan jiya. Sannan alamar tambayar nan ba ta tsayawa a madadin sunan kolon, in mai amfani ne zai zaɓi da me za a jera a ORDER BY to ka yi jerin sunayen da ka yarda da su, abin da ba ya ciki ka ƙi. Ku tuna kuma ƙasar nan tamu Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai sa ido, lambobin waya da sunayen jama'a da ke teburinka amana ce.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina aiki a wani kamfanin sayar da magani a sari nan Yamai, ni na yi masu manhajar faktir da Django da PostgreSQL. A kwamfutata komai lafiya lau, amma tunda muka ɗora a sarber kuma faktir suka kai wajen 800 shafin jerin faktir sai ya yi ta juyawa kafin ya buɗe. Shafin yana nuna sunan kiliyan da kayan da ke cikin kowace faktir. Patron ya kawo wani ya duba, ya ce wai Django ne ba shi da sauri a zubar a sake da SQL zalla. Aikin wata da watanni ne fa Malam, gaskiya ne sai an zubar?
Wata ƴar'uwa, Yantala, Yamai

AMSA: Lafiya lau ƴar'uwa, kwantar da hankalinki, ba za a zubar da komai ba. Daga bayaninki ina kyautata zaton ciwon da ake kira N+1 ne, kuma gyaransa bai kai rabin awa ba.

ORM ba ya ɗauko abu sai an nema. Kin ce Facture.objects.all(), reket 1. A cikin shafin kuma kowace faktir kin ce facture.client.nom, sai ya koma rumbu ya tambayo sunan, sau 800. Kin ce kawo kayan cikinta, ya sake komawa, sau 800. Jimla 1,601 don shafi guda. A kwamfutarki ba ki ji ba saboda rumbun da manhajar wuri ɗaya suke kuma faktir ɗin gwaji kaɗan ne, amma a sarber sau da yawa rumbun yana wata na'urar daban, in kowace tafiya da dawowa ta ci milisakan 5 kawai, lissafa ki gani, sakan 8 kenan mutum na zaune yana kallon allo.

Ki rubuta haka: Facture.objects.select_related('client').prefetch_related('lignes'), da sunan da kika ba alaƙar a naki kod ɗin. Na farko zai haɗo kiliyan da JOIN a tafiya guda, na biyu zai kwaso kayan duk faktir ɗin a tafiya ta biyu, 1,601 ya koma 2. Masu Laravel naku shi ne with('client', 'lignes'), kuma akwai preventLazyLoading da za ku kunna lokacin gini ya riƙa tsayar da ku duk sanda kuka faɗa wannan ramin. Bayan haka ma me ya sa za a zubo faktir 800 a shafi ɗaya, wa zai karanta, ga forfen mutane da kike ƙonawa. Paginator na Django yana nan, 50 50 ya isa.

Amma kar ki ɗauki maganata kawai, ki auna. Sa Django Debug Toolbar a kwamfutarki, buɗe shafin, zai nuna miki reket nawa suka tafi da tsawon lokacin kowanne da SQL ɗin kansa. Wannan al'adar nake roƙon duk mai ORM ya riƙe, kowane shafi ka gama ka leƙa ka ga me ya tafi rumbu. In kin ga adadin kaɗan ne amma guda ɗaya ke cin lokaci, to kwafe shi ki sa EXPLAIN ANALYZE a gabansa a PostgreSQL, in ya ce Seq Scan a kan babban tebur, wato yana bin teburin layi layi, alhali layi kaɗan kike nema, indeks ne babu, wato jerin da ke kai shi ga layin kai tsaye. Django yana sa indeks da kansa a kan ForeignKey, amma kolon ɗin kwanan wata da kike tacewa da shi ke za ki sa masa. Wani ɗan ƙari, CONN_MAX_AGE a Django sifili yake zuwa, ma'ana kowace buƙata sai an buɗe sabon haɗi da rumbu an rufe, ki ɗaga shi zuwa 60 ki gani, kina sane dai PostgreSQL haɗi 100 yake zuwa da shi in ba a canja ba.

Shi kuma wanda ya ce a sake da SQL zalla, mai rubutu da hannu ma in ya sa reket cikin madauki wannan ciwon zai kamu da shi. Ki nuna wa patron lambobin kafin gyara da bayan gyara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Katako, siminti da ƙarfe da kwano nake sayarwa, ɗana ne ke rubuta mini wannan. Wani yaro ya yi mini manhaja ta lissafin kaya, shago biyu suna aiki da ita. Sau biyu ke nan ana sayar da kaya iri ɗaya ga mutum biyu, manhajar ta nuna saura buhu 10 wannan shagon ya sayar wancan ma ya sayar. Wata rana kuma kuran ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, kuɗi ya shiga lissafi kaya bai ragu ba. Yaron ya ce MySQL ne ya tsufa sai an koma wani abu MongoDB, in ba shi jikka 300. In biya?
Wani Alhaji, Katako, Yamai

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara buɗi. Kar ka biya wannan kuɗin don wannan aikin. MySQL tun 1995 yake kuma manyan kamfanonin duniya suna kansa har gobe, lissafin shago biyu ba zai gagare shi ba. MongoDB da ya fito a 2009 yana da wurin da ya dace da shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma kaya da kuɗi da bashi abubuwa ne masu ɗaure da juna, irin aikin da aka ƙera rumbun teburori dominsa kenan, shi Mongo ma sai a 2018 ya samu damar ɗaure aiki da yawa wuri guda. Ban ce yaron macuci ba ne Alhaji, mai yiwuwa abin da ya ji ana yayi ne ya ɗauka shi ne magani. A ba shi wannan amsar ya karanta, daga nan da shi nake.

Ƙanena, matsalar kuran sunanta rashin taransaksiyon. Ciniki guda aiki uku ne, rubuta faktir, shigar da kuɗi, rage kaya. Ka ɗaure su, ko duka su shiga ko ko ɗaya kar ya shiga. A PDO beginTransaction ne da commit da rollBack, a Laravel DB::transaction, a Django transaction.atomic. In wuta ta ɗauke kafin commit, wato umarnin tabbatarwa, rumbun da kansa zai warware abin da aka fara idan ya tashi. Amma ka duba injin teburorinka tukuna da SHOW TABLE STATUS, in ka ga MyISAM to ba ya jin taransaksiyon sam, ka mai da su InnoDB, shi ne na asali tun MySQL 5.5.

Buhu 10 da aka sayar sau biyu kuma, kusan na tabbata haka kod ɗinka yake: ka karanto adadi, ka rage a PHP, ka mayar. Shago na ɗaya ya karanta 10, na biyu ma ya karanta 10 kafin na ɗaya ya rubuta, kowa ya ga akwai. Wannan tarkon masu ORM sun fi faɗawa, don $produit->qte = $produit->qte - 10 sannan save() yana da kyaun gani. Bar wa rumbun ya yi ragin da kansa a numfashi guda:

UPDATE produits SET qte = qte - 10 WHERE id = ? AND qte >= 10

sannan ka duba layi nawa ya taɓa, in sifili ne kaya ya ƙare, ka soke cinikin ka gaya wa mai shago. In dole sai ka karanta kafin ka yanke hukunci, akwai SELECT ... FOR UPDATE cikin taransaksiyon, lockForUpdate a Laravel, select_for_update a Django, yana riƙe layin har ka gama. Kuɗi kuma kar ka sa shi a FLOAT, lissafinsa na kusa-kusa ne, sefa ba ta da ɓarɓashi a ciniki, BIGINT ya ishe ka.

Alhaji in za ka kashe kuɗi, ga inda ya cancanta: ondiler ga na'urar da rumbun ke ciki, da kwafin bayanai kullum da mysqldump a ajiye wani wuri da ba shagon ba, kuma lokaci lokaci a gwada dawo da kwafin a wata kwamfuta a tabbata yana buɗewa. Yaron ya cancanci ladan gyara, ku daidaita da shi a kan wannan.

TAMBAYA: Malam sannu da ƙoƙari. Muna da ƙungiyar manoman albasa wajen Galmi da Madawa, wakilanmu na zagaya garake da ƙauyuka suna rubuta buhunnan da kowa ya kawo, wurare da dama babu rezo sam. Wanga yaro da munka ba aiki ya ce ko dai wayoyin su haɗu kai tsaye da MySQL ɗinmu ko mu ɗauki Firebase. Wanne ya hi?
Wani sakataren ƙungiya, jihar Tawa

AMSA: Yawwa Malam sakatare, sannunku da aiki. Ta farkon a manta da ita gaba ɗaya. In waya za ta haɗu kai tsaye da MySQL dole kalmar sirrin rumbun ta zauna cikin aplikasiyon ɗin, duk wanda ya samu fayil ɗin APK zai iya tono ta, kuma dole a bar ƙofar rumbun a buɗe ga duk intanet. Tsakanin waya da rumbu kullum a samu API a sarber, wato kod ɗin da wayar ke magana da shi, shi ke tantance wane ne kai da me aka yarda ka taɓa. Ga shi kuma ba ta ma warware matsalar rezo ba.

Firebase na Google yana aiki ba rezo, wannan gaskiya ne, rumbunsa Firestore yana ajiyewa a waya ya tura idan rezo ya dawo, kuma yaronku zai gama da wuri. Abin da za ku auna shi ne bayan kason kyauta ana biya ne da yawan karantawa da rubutawa, da katin banki, sannan ba shi da JOIN. Ku kuwa ƙarshen kaka rahoto za ku nema, wane ƙauye ya kawo nawa, wa ake bi bashin iri da taki, nawa ya rage wa kowa bayan an cire, irin tambayoyin da SQL ke amsawa a layi biyar.

Ni abin da zan zaɓa muku, SQLite a cikin waya, PostgreSQL ko MySQL ɗin da kuke da shi a sarber, API a tsakani. SQLite ɗin Richard Hipp ne ya fito da shi a 2000, fayil guda ne ba ya buƙatar sarber, yana cikin kowace wayar Android tun daga kamfani, Room kuma shi ne ORM ɗin da Google ta ɗora a kansa. Wakili ya yi aikinsa a ƙauye, ya shigo gari ya tura. Abu biyu yaron ya kiyaye. Lambar kowane rubutu ta zama UUID da wayar ke ƙirƙira, wato doguwar lambar da ba ta karo da ta wata waya, in 1, 2, 3 ce wayoyi biyu za su yi karo, kuma da UUID ko rezo ya yanke aka sake turawa sarber zai gane ya riga ya karɓa ba zai ninka buhunnan ba. Na biyu, kar waya ta riƙa tura jimla, ta tura abin da ya faru, wane ya kawo buhu kaza ran kaza, in kuskure ne a ƙara layin gyara kar a goge na farko, jimla sarber ne zai haɗa. Da haka ranar da gardama ta tashi tsakanin manomi da wakili akwai abin nunawa.

TAMBAYA: Malam sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ in na ajiye su a MySQL sai su dawo da alamar tambaya, wasu kuma su dawo wani iri, ƙ ta zama Æ™. Laifin PDO ne?
Wata ɗaliba, Harobanda, Yamai

AMSA: Ƙanwata ba laifin PDO ba ne, tsarin haruffa ne bai daidaita ba. Tsofaffin MySQL da latin1 suke zuwa, yana ɗaukar é da ç na Faransanci shi ya sa ba a lura da wuri, amma ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Sai a 8.0 utf8mb4 ya zama na asali. Wuri uku za ki daidaita, teburin da kolon ɗinsa su zama utf8mb4, layin haɗin PDO ki ƙara masa charset=utf8mb4, shafin HTML kuma meta charset ɗinsa ya zama UTF-8. Ki zaɓi utf8mb4 ɗin kar ki tsaya a wanda MySQL ke kira utf8 kawai, shi wannan zai ɗauki ƙ da ɗ amma emoji zai gagare shi.

Sunayen da suka riga suka zama alamar tambaya a cikin teburin sun tafi, sai an sake buga su. Masu Æ™ kuwa suna nan da ransu, karatun ne ya karkace, ana iya dawo da su. Ki fara gyara layin haɗin ki duba yadda suke fitowa, kuma kafin ki taɓa teburin da ALTER TABLE ki yi mysqldump ki gwada gyaran a kan kwafin tukuna.